Ƙaramar Lambar ISO a Kyamarar Zamani: Amfaninta da Illarta

A zamanin nan da wuya a sami gidan da ba a ɗaukar hoto a cikinsa. Wani da wayar hannu yake ɗauka, wani kuwa da kyamara sosai. Amma kaɗan ne suka san ma'anar haruffan nan uku, ISO, waɗanda ke fitowa a fuskar kyamara da lamba a gefensu. A ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta makarantarmu, wadda nake ciki, an daɗe ana gardama a kan wannan lamba. Wasu sun kafe a kan cewa ƙaramar lamba ita ce mai kyau ko da yaushe, saboda haka da zarar kyamara ta shiga hannunsu sai su murɗa ta har ƙarshe, zuwa 50 ko abin da bai kai haka ba. Wasu kuwa suka ce sam, wannan wahalar banza ce. To, ga shi ranar raba kyaututtuka tana tafe, kuma kowa ya san hoton irin wannan rana in ya lalace ba a sake ɗaukarsa. Shi ya sa na ga ya kamata in bayyana abin da na koya a kan wannan al'amari, don kowa ya san inda ƙaramar lamba take da amfani da inda take cutarwa.

Asalin wannan lamba

Iyayenmu za su tuna da zamanin da ake sayen fim a ɗan kwali, a sa a kyamara, a ɗauki hoto 24 ko 36, sa'an nan a kai wurin wanki. A jikin kowane kwali akwai lamba, 100 ko 200 ko 400. Wannan lamba tana nuna saurin da fim ɗin ke yi wajen kama haske. Fim mai 200 rabin hasken da mai 100 yake bukata ya ishe shi. Mai 400 kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ya ishe shi.

Da farko ma'auni biyu ne suka fi shahara. Akwai na Amurka, ana kiransa ASA, akwai na Jamus, ana kiransa DIN. Fim ɗin da Amurkawa ke kira 100, Jamusawa 21 suke kiransa. A shekarar 1974 aka haɗa su suka zama ɗaya a ƙarƙashin hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, wadda aka kafa a 1947, mai hedkwata a birnin Jeneba na ƙasar Suwizalan. Sunan hukumar ke nan, ISO. Da kyamarar dijital ta bayyana, sai hukumar ta fitar mata da nata ma'auni a 1998, aka gyara shi a 2006, aka sake gyarawa a 2019. An bar lambobin yadda aka saba da su don kada masu sana'a su rikice.

In muka koma baya can, za mu ga cewa ɗaukar hoto da ƙaramin ƙarfin kama haske ya fara. Hoto mafi daɗewa da aka ɗauka da kyamara wanda yake nan har yau, wani Bafaranshe ne mai suna Nicéphore Niépce ya ɗauke shi ta tagar gidansa wajen 1826, kuma sai da farantinsa ya sha haske na aƙalla awa takwas. A 1838 wani Bafaranshen, Louis Daguerre, ya ɗauki hoton wani babban titi a birnin Faris. Titi ne mai cike da mutane da kekunan doki, amma a hoton sai ya fito fayau kamar an yi shara. Dalili kuwa, farantin ya ɗauki mintoci yana shan haske, duk abin da ke tafiya bai tsaya wuri ɗaya ba balle ya bar alama. Wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, shi da mai gogewar, su ne suka fito. Ku riƙe wannan labari, don za mu sake bukatarsa a gaba.

Ko a ƙasarmu kakanninmu suna ba da labarin mai hoto da akwatinsa na katako a kan ƙafa uku, wanda kan cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya ce kada kowa ya motsa, ya cire murfi, ya ƙirga, ya mayar. Takardar da ke cikin akwatin nan ƙarfinta bai kai 10 ba a ma'aunin yau. Haka kuma fim mai launi na Kodachrome, wanda ya fito a 1935, da kimanin 10 ya fara, daga baya aka yi mai 25 da mai 64, har aka daina yin sa a 2009. Kamfanin Fuji na Japan ya fitar da Velvia mai 50 a 1990. Masu hoton duwatsu da dazuzzuka sun so waɗannan finafinai ƙwarai, domin ƙwayoyin maganin da ke jikinsu ƙanana ne, hoto kan fito sumul ba yashi-yashi. Daga nan ne maganar nan ta samo asali, cewa ƙaramar lamba ita ce hoto mai tsabta. A zamanin fim gaskiya ce. A zamanin dijital kuwa akwai ƙarin bayani.

Abubuwa uku da ke haɗuwa su yi hoto

Kafin in ci gaba, dole in gabatar da abokan tafiyar ISO guda biyu. Na farko shi ne kafar haske, wato ramin da ke cikin gilashin kyamara, wanda ake faɗaɗawa ko a tsuke. Lambobinsa su ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22, ana rubuta su da harafin f a gaba, kamar f/8. Abin mamaki, ƙaramar lamba ita ce babbar kafa. Duk lokacin da aka matsa daga lamba zuwa ta gaba da ita, hasken da ke shiga ya ragu da rabi. Wannan ragi ko ƙari na ninki biyu shi nake kira mataki ɗaya.

Na biyu shi ne labule, wanda kan buɗe ya rufe don haske ya shiga na ɗan lokaci. Ana auna shi da sakan. In an ga 1/100, ana nufin an raba sakan ɗaya gida ɗari an ɗauki ɗaya. Na uku ita ce ISO. In ka rage ISO daga 100 zuwa 50, to sai ka ninka hasken da ke shiga, ko ta faɗaɗa kafa da mataki ɗaya, ko ta barin labule a buɗe na 1/50 maimakon 1/100.

Masu sana'a suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. In rana ta fito tarwai, ka sa kafa a f/16, sa'an nan ka sa labule a ɗaya bisa lambar ISO. Wato ISO 100 da 1/100, ISO 50 da 1/50. Da wannan ƙa'ida zan yi duk lissafin da ke tafe, kuma kowane ɗan aji ɗaya zai iya bi.

Abin da ke faruwa a cikin kyamara

A kyamarar dijital babu fim. A madadinsa akwai wani ɗan allo na silikon da ake kira sensa. Wasu masana biyu, Willard Boyle da George Smith, su ne suka ƙirƙiro irinsa na farko a Amurka a 1969, har aka ba su kyautar Nobel a 2009. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko. Ɗigo 10,000 kacal hotonta yake da shi, baƙi da fari, kuma sakan 23 take yi kafin ta ajiye hoto ɗaya a kaset. Yau kyamara matsakaiciya tana da ɗigo miliyan 24, wato 6,000 a kwance, 4,000 a tsaye.

Don mu gane aikin ɗigon nan, mu ɗauki misalin da kowane ɗan kwana ya sani. Da damina, in hadari ya haɗu, mukan jera bokitai a fili don tarar ruwa. To, kowane ɗigo a jikin sensa bokiti ne, haske kuwa shi ne ruwan sama. Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kamar yadda ruwa ke sauka ɗis-ɗis. Kowace ƙwaya da ta faɗa cikin ɗigo takan iya sakin ƙwayar lantarki guda. Da labule ya rufe, sai kyamara ta bi bokitan nan ɗaya bayan ɗaya ta auna abin da kowanne ya tara, ta rubuta shi da lamba. Wanda ya tara da yawa shi ne wuri mai haske a hoto, wanda ya tara kaɗan shi ne inuwa.

Ga inda yashi-yashi ke fitowa. In an yi yayyafi na ɗan lokaci, za ka ga bokiti biyu da ke kusa da juna, wannan ya sami ɗigo tara, wancan goma sha biyu. Amma in an kwana ana ruwa, duk za su tashi kusan daidai. Masana lissafi sun nuna cewa in ɗigo ya tara ƙwaya 100, saɓanin da ake samu kimanin 10 ne, wato kashi 10 cikin 100. In ya tara 10,000, saɓanin kimanin 100 ne, wato kashi 1 cikin 100 kawai. Ashe yawan hasken da aka tara shi ne ke wanke hoto, ƙarancinsa kuma shi ne ke kawo yashi-yashi.

To, mene ne aikin ISO a nan? Murɗa ta ba ya ƙara wa bokiti faɗi ko zurfi. Abin da take yi ya yi kama da murɗa ƙarar rediyo. In tasha tana da nisa, muryar mai magana ta yi ƙasa, kana ƙara murya sai ka ji shi, amma shuuu ɗin da ke bayansa shi ma ya ƙaru. Haka ISO 400 take: kyamara ta yarda a tara kashi ɗaya cikin huɗu na hasken da ISO 100 ke bukata, sa'an nan ta ninka abin da aka samu sau huɗu. Hoto ya yi haske, amma saɓanin nan shi ma an ninka shi.

Gindin lamba da abin da ke ƙasa da shi

Kowace sensa tana da lambar da ake kira gindinta. Ita ce lambar da kyamara ke barin bokiti ya cika har kusa da baki a wurin da ya fi ko'ina fari a hoto. A nan ne ake samun hoto mafi tsabta, a nan ne kuma kyamara ta fi iya riƙe wuri mai tsananin haske da wuri mai duhu a hoto guda. Manyan kyamarorin yanzu sukan riƙe tazarar mataki 13 zuwa 14 a gindinsu, kuma tazarar takan riƙa raguwa in ana hawa sama.

A yawancin kyamarori gindin nan 100 ne. Wasu nasu 200 ne, kamar na Olympus da yawa. Kamfanin Fujifilm ya daɗe a 200, ya sauko 160 a kyamararsa X-T3 ta 2018, ya kuma sauko 125 a X-T5 ta 2022. Nikon kuwa ta fitar da D810 a 2014 da D850 a 2017, duka biyu gindinsu 64. Wannan 64 ta gaskiya ce, domin an gina sensar ne yadda za ta iya ɗaukar ƙarin haske kafin ta cika.

Amma akwai wata lamba da ake samu a ƙasa da gindi. A kyamarorin Canon da yawa harafin L ake gani, yana nufin 50. A Nikon ɗin nan biyu ana ganin Lo 1, yana nufin 32. Sau da yawa ma sai an shiga can cikin saituna an buɗe ta kafin ta fito. Da ma ai duk abin da mai shi ya ɓoye a ƙuryar ɗaki, da dalili. Ga abin da kyamara ke yi in an sa ta a 50 alhali gindinta 100. Takan bar haske ninki biyu ya shiga, sa'an nan ta raba lambobin da ta samu biyu don hoto ya dawo daidai. A wuraren inuwa wannan alheri ne, gama sun sami ƙarin haske, sun ƙara tsabta. Amma a wurare masu fari, bokitan sun riga sun cika sun tumbatsa. Bokitin da aka zuba wa tulu ɗaya da rabi da wanda aka zuba wa tulu biyu, in tulu ɗaya kowannensu ke ci, duk abu ɗaya za a tarar a ciki. Kyamara ba ta da hanyar sanin wanda ya fi wani, sai ta rubuta musu lamba ɗaya. A hoto wurin zai fito fari fat, ba zane ba lanƙwasa, kuma babu wata kwamfuta da za ta dawo da ainihin abin da ya zube. Wato an sayi tsabtar inuwa da mataki ɗaya na farin hoto.

Gwajin da muka yi da babbar riga

Malaminmu mai kula da ƙungiya ya ce gani ya kori ji. Ya kawo farar babbar rigarsa ta shadda mai aska takwas, wadda aka yi wa aiki da farin zare, ya sa wani ɗan ajinmu ya saka ta ya tsaya a filin ƙwallo da misalin ƙarfe ɗaya na rana. Kyamarar ƙungiya gindinta 100 ne. Na ɗauki hoto na farko a ISO 100, f/16, 1/100. Na ɗauki na biyu a L, wato 50, f/16, 1/50. A ɗan allon bayan kyamara duk ɗaya suka yi mana. Sai da muka buɗe su a kwamfutar ɗakin karatu muka faɗaɗa, sa'an nan bambanci ya fito. A na farko ana iya bin zaren aikin kafaɗa da ido. A na biyu, kafaɗar da rana ta daka ta zama kamar an shafa farar ƙasa, aikin ya ɓace ɗungum. Sai dai inuwar da ke ƙarƙashin haɓarsa ta ɗan fi tsabta a na biyun, amma sai an ƙura ido ake lura.

Wannan gwaji ya shafe mu ƙwarai. Mu mutane ne masu duhun fata, masu son fararen kaya, mazauna ƙasa mai zafin rana. Duk mai ɗaukar hoton ango da abokansa, ko dattijo da rawaninsa, ko mahaya a hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya, yana neman kyamara ta riƙe fuska mai duhu da tufa mai ƙyalli a lokaci guda. A irin wannan wuri kowane mataki yana da tsada. Wanda ya sauka ƙasa da gindi ya zubar da mataki guda da hannunsa, a daidai wurin da maɗinki ya yi makonni yana aiki.

Inda ake neman ƙaramar lamba

Kada wani ya ce to ashe ba ta da amfani. Kamfanoni ba su sa ta don ado ba. Akwai wurare huɗu da na sani inda haske ke yi wa mai hoto yawa.

Na farko, hoton mutum da ake so bayansa ya yi dishi-dishi, shi kaɗai ya fito. Wannan sai da babbar kafa, kamar f/2. Daga f/16 zuwa f/2 mataki shida ne, wato haske ya ninka sau 64. A ISO 100 cikin rana sai labule ya yi gudun 1/6400. Kyamarori masu sauƙin kuɗi da yawa kuwa a 1/4000 suke tsayawa. In aka sauka 50, sai lissafi ya dawo 1/3200, kyamara ta iya.

Na biyu, in ana so a haska fuska da fitilar kyamara cikin rana don kashe inuwar hula. A yawancin kyamarori fitilar ba ta tafiya daidai da labule in gudunsa ya wuce 1/200 ko 1/250. A ISO 100 da 1/200 dole kafa ta tsaya wajen f/11. A 50 ana iya buɗe ta zuwa f/8.

Na uku, hoton ruwa mai gudu. Duk wanda ya ga hoton ruwan Gurara na Jihar Neja, ko na Matsirga kusa da Kafanchan, inda ruwan ya fito kamar auduga ko madara, to an bar labule ne a buɗe na rabin sakan ko fiye. Dabarar titin Faris ce ta Daguerre: abin da ke motsi ya narke, dutsen da ke tsaye ya fito sarai.

Na huɗu, ɗaukar bidiyo. A ƙasarmu an saba ɗaukar hoto 25 a kowane sakan, kuma don motsi ya yi kama da yadda ido ke gani, akan sa labule a 1/50. Cikin rana a ISO 100 wannan zai tilasta kafa ta tsuke har f/22.

Baƙin gilashi

Mu duba lissafin ruwan Gurara da kyau. Cikin rana, ISO 100 da f/16 sun ba mu 1/100. Mu tsuke kafa zuwa f/22, mun sami 1/50. Mu sauka ISO 50, mun sami 1/25. Har yanzu da sauran tafiya mai nisa kafin rabin sakan. Bugu da ƙari, kafa in ta tsuke ƙwarai kamar f/22, haske kan bazu a gefenta, hoto ya rage kaifi. Ashe ISO 50 mataki ɗaya tak take bayarwa, alhali ana neman biyar ko shida.

Maganin da masu sana'a ke amfani da shi shi ne wani baƙin gilashi da ake ɗaurawa a gaban gilashin kyamara, kamar yadda mutum ke sa baƙin tabarau. Ana rubuta ND a jikinsa da lamba. ND8 yana rage haske sau 8, wato mataki uku. ND64 mataki shida. ND1000 mataki goma, wato sau 1,024. Da wannan na ƙarshe, 1/100 ɗin nan sai ya koma kimanin sakan goma, da tsakar rana. Fifikonsa a kan harafin L shi ne, yana rage ruwan saman ne tun kafin ya iso bokiti, saboda haka babu abin da ke tumbatsa, kyamara kuma tana zaune a gindinta. Sai dai dole a kafa kyamara a kan ƙafa uku, don babu hannun da zai tsaya cik na sakan goma. Wanda ba shi da kuɗin gilashi yana da wata hanya ta kyauta: ya je da sassafe ko bayan rana ta faɗi, lokacin da hasken da kansa ya ragu.

Masu wayar hannu fa?

Wayoyi da yawa suna da sashen da ke barin mutum ya zaɓi ISO da kansa, kuma akan ga 50 ko ƙasa da haka. Har wani abokina ya yi alfahari cewa wayarsa ta fi kyamarar ƙungiya, tunda tana sauka ƙasa da 100 ba tare da wani harafin L ba. Gaskiyar magana, kafar hasken yawancin wayoyi a buɗe take wajen f/1.8, ba a iya tsuke ta. Saboda haka cikin rana waya ba ta da mafita sai ƙaramar ISO da labule mai tsananin gudu, kamar 50 da 1/4000. Amma sensar babbar kyamara milimita 36 ce a kwance, 24 a tsaye, ta yawancin wayoyi kuwa ba ta wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Wanda ya shimfiɗa tabarma a ruwan sama da wanda ya shimfiɗa hankici, ba za su tara ruwa ɗaya ba. Don haka 50 ta waya ba ta kai 100 ta babbar kyamara tsabta ba. Lamba tana da ma'ana ne in an gwada ta da 'yar'uwarta a kyamara guda.

Babbar illa: girgizar hannu

Na bar wannan a ƙarshe domin ita ta fi lalata hotunan mutane. A ɗakin taronmu da dare, in an kunna fitilu, kyamarar ƙungiya a f/4 da ISO 100 takan nemi wajen 1/8. A 50 sai ta nemi 1/4. A cikin kashi ɗaya bisa huɗu na sakan hannun mai ɗauka ya motsa, ɗalibin da ke karɓar kyauta ya rusuna, shugaban makaranta ya miƙa hannu. Abin da zai fito shi ne inuwoyi masu jan jela, uwa ma ba za ta gane ɗanta ba. In kuwa aka hau ISO 1600, mataki huɗu ke nan sama da 100, labule sai ya koma wajen 1/125, kowa ya fito da fuskarsa. Za a ga ɗan yashi-yashi in an faɗaɗa, amma kwamfuta tana iya rage shi, kuma a ƙaramin kati ba a ma lura. Hoton da ya girgiza kuwa sai haƙuri. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi.

Shawarata

Ga abin da nake ba 'yan ƙungiyarmu da duk mai kyamara shawara. Da farko ka buɗe littafin kyamararka ka san gindinta, 64 ne ko 100 ko 200. In akwai haske isasshe, ko kyamara tana kan ƙafa uku kuma abin da kake ɗauka ba ya motsi, ka zauna a gindin nan, nan ne mafi kyau. Kada ka sauka zuwa L ko Lo sai in haske ya yi maka yawa kuma ba ka da baƙin gilashi, sa'an nan ka tabbata babu farar riga ko farin gajimare da kake son zanensu ya fito. Ranar da hazo ya rufe gari da hunturu, ko a ƙarƙashin inuwar bishiya inda haske da duhu ba su yi nisa da juna ba, L ba za ta cuce ka ba. Ka kunna alamar nan da ke sa wurin da ya tumbatsa ya riƙa ƙyaftawa a allon kyamara, in ka ga kafaɗar riga tana ƙyafce, ka rage haske ka sake ɗauka tun mai rigar bai tafi ba. In kuwa rana ta faɗi ko kana cikin ɗaki, ka hau sama ba tare da tsoro ba.

Ga iyayenmu kuma, in za ku saya wa ɗanku kyamara ko waya, kada mai kanti ya ruɗe ku da cewa wannan tana sauka har 50 ko 32. Ku tambaye shi gindinta nawa ne, ku kuma tambayi girman sensarta. Kuɗin da za a ƙara saboda wannan lamba, gara a sayi ƙafa uku da baƙin gilashi guda, za su fi amfani shekara da shekaru.

Duk ɗalibin da yake son ya gwada lissafin nan da hannunsa, ƙungiyarmu tana haɗuwa kowace Asabar bayan duba ɗakunan kwana, kuma ƙofa a buɗe take ga 'yan kowane aji. Allah ya kai mu ranar raba kyaututtuka lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.